Tayim mai yaɗo a madadin ciyawar ƙofar gida: shekara uku da dashen da na saya a Denver

Duk wanda ya taɓa dafa jallof ya san tayim, busasshen ganyen nan da ake barbaɗawa tare da kori, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san yana da ɗan'uwa da ba don tukunya ake shuka shi ba. Wannan ɗan'uwan, wanda masana tsirrai ke kira Thymus serpyllum, ba ya tashi sama. Yana kwanciya ne ya yi yaɗo kamar tabarma, tsayinsa bai cika wuce santimita 5 zuwa 8 ba, kuma danginsa ɗaya da na'a-na'a da ɗoɗɗoya. Asalinsa daga Turai ne, inda yake fitowa da kansa a ƙasa mai yashi da tsakuwa wadda ba ta riƙe ruwa. Shi na saya shekara uku da suka wuce domin in rufe filin ƙofar gidanmu a Denver, jihar Colorado ta Amurka.

Dalilin da ya kai ni gare shi ruwa ne. Denver tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,600, ranarta tana da zafi ƙwarai, ruwan sama da dusar ƙanƙarar da take samu a shekara kuwa ba su cika kai milimita 400 ba, wato ƙasa da abin da Kano ke samu a damina ɗaya. Duk da haka yawancin gidaje suna shimfiɗa ciyawar da suke kira Kentucky bluegrass, wadda sai an yi ta ɗura mata ruwa take zama kore. Hukumar ruwan birnin, Denver Water, ita ce ta ƙirƙiro kalmar xeriscape a 1981 don irin lambun da ba ya buƙatar ban ruwa sosai, kuma daga watan Mayu zuwa farkon Oktoba tana hana shayar da ciyawa tsakanin ƙarfe 10 na safe da 6 na yamma. Da na gaji da biyan kuɗin ruwa a kan ciyawar da ko akuya ba ni da ita da za ta ci, sai na tone ta.

Na sayi kayan ta hanya biyu, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne abu na farko da mai saye ya kamata ya sani. Na yi odar fakitin iri ta intanet saboda araharsa, sannan na je wani wurin sayar da dashe a wajen gari na ɗauko tire uku na ƙananan dashe, kowanne a cikin ɗan raminsa da bai fi babban yatsa ba. Irin ya ba ni kunya. Ƙwayarsa ƙanana ce kamar ƙura, ba a binne ta domin tana buƙatar haske kafin ta tsiro, kuma dole saman ƙasar ya kasance da danshi har mako biyu zuwa huɗu, abin da ke da wuya a garin da iska ke busar da ƙasa kafin azahar. Abin da ya tsiro bai taka kara ya karya ba, kuma ciyawa ta riga shi fitowa ta shaƙe shi. Dashen ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma shi ne ya rufe ƙasar.

Cikin dashen akwai iri uku. Wanda ake kira Coccineus shi ne gwarzonsu: ya fi saurin yaɗo, kuma a watan Yuni yakan lulluɓe da fure ja mai ratsin shunayya har ganyen ya ɓace, ya kai kusan mako uku ko huɗu a haka. Elfin ƙarami ne sosai, ganyensa a cushe kamar gansakuka, ya dace da tsagin da ke tsakanin duwatsun takawa, sai dai wanda ya dasa shi a fili mai faɗi zai tsufa yana jira. Na ukun shi ne mai gashi-gashi launin toka, wanda taɓa shi kamar taɓa ulu ne, ba ya fure sosai, kuma shi ya fara mutuwa a hannuna.

Laifin mutuwar tasa nawa ne, ko da yake takardar da ke jikin tiren ma ba ta taimaka ba, domin abin da ta ce kawai shi ne shukar tana son rana kuma tana jure fari. Ƙasar unguwarmu laka ce mai nauyi, irin wadda ke danƙarewa idan ta jiƙe ta kuma tsage idan ta bushe. Ni kuwa ɗan manomi ne, na tashi na ga ana kai taki gona tun kafin ruwan farko, don haka na zuba wa wurin takin shanu, na kuma riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Bayan 'yan makonni sai na ga tsakiyar wasu dashen ta yi baƙi, da na ja ɗaya sai ya fito ba tare da wata turjiya ba, saiwarsa ta ruɓe tana wari kamar tsumman da ya kwana a ruwa. Da na koma wurin da na saya, dattijuwar da ke kula da dashen ta murza ƙasar da na kai mata a tsakanin yatsunta, ta ce mini wannan shukar yunwa ba ta kashe ta, ƙoshi ne ke kashe ta. Na sake tone gefen da ya lalace, na gauraya ƙasar da ƙananan tsakuwa, na ɗan ɗaga ta yadda ruwa zai gangare, sannan na sake dasawa da tazarar santimita 25 tsakanin kowane biyu. Tun daga nan ban sake rasa ko ɗaya ba a wannan gefen.

Maganar jure fari gaskiya ce, amma ba a shekarar farko ba. Sabon dashe yana buƙatar ruwa a kai a kai har saiwarsa ta kama, kuma a wannan shekarar ƙasar da ke tsakanin dashen a buɗe take ga kowace ciyawa. Wadda ta fi wahalar da ni ita ce wata mai nannaɗo da farin fure, 'yar'uwar duman-kada, wadda saiwarta ke nitsewa ƙasa sosai. Ba a iya sa mata fartanya a cikin tayim, sai dai mutum ya durƙusa ya bi ta da hannu. Sai a bazara ta biyu tabarmar ta fara haɗewa, a ta uku kuwa ta rufe kusan ko'ina, kuma yanzu ko a tsakiyar zafin Yuli sau ɗaya nake ba ta ruwa a cikin kwana goma ko mako biyu. Hunturu ma yana da nasa sharaɗin, domin a Denver ƙanƙara takan narke da sauri ta bar ƙasa a bushe cikin rana da iska, saboda haka idan wata guda ya wuce ba a samu danshi ba nakan ɗan shayar da ita da rana tsaka, in ba haka ba gefunanta su ƙone.

Inda ban yarda da masu tallar ba shi ne cewar da suke yi tana maye gurbin ciyawa gaba ɗaya. Tana jure a taka ta jefi-jefi, har ma takan saki ƙamshi mai daɗi a ƙarƙashin ƙafa, amma hanyar da yara ke bi kullum daga ƙofa zuwa mota ta zama fili tas cikin wata biyu, sai da na jera duwatsu a wurin. Lokacin fure kuma ƙudan zuma sukan cika ta daga safe har yamma, abin sha'awa ga mai kallo, amma ƙaramar 'yata ta sha harbi a tafin ƙafa, kuma tun daga ranar uwargida ta kafa dokar sa takalmi. Ta gwada ganyen a miya sau ɗaya, ta ce ƙamshinsa bai kai na kasuwa ba, ba ta sake ba.

Ga wanda yake da gangare mai cin rana, ko zirin ƙasar da ke tsakanin titi da hanyar masu tafiya a ƙasa, ko tsagin duwatsu, kuma wurin yana samun rana aƙalla awa shida, ina ganin dashen Coccineus ya cancanci kuɗinsa, muddin an gyara ƙasar kafin a dasa. Wanda filinsa ke ƙarƙashin inuwar bishiya ko yake son wurin da yara za su buga ƙwallo, gara ya nemi wani abu. A bana tsofaffin dashen sun fara yin itace a tsakiya suna barin 'yan ramuka, don haka da furen ya kaɗe na rage su da almakashi, na kuma yanko gefunan da suka riga suka yi saiwa na cike guraben da su.