Gargaɗi: yadda aka damfare mu wajen sayen laftop, ku kula kafin ku biya

Assalamu alaikum jama'a. Wannan rubutu na yi shi ne saboda masu shirin sayen kwamfuta, musamman iyaye da yayyen da ke tara kuɗi don saya wa ɗalibi laftop. An cuce mu a watan da ya wuce, kuma da na bi diddigi na tarar ba mu kaɗai ba ne, hanya ɗaya ake bi ana yi wa mutane. Ba zan kama sunan kowa ba domin maganar tana gaban shugabannin kasuwa, amma zan faɗi yadda abin ya gudana dalla-dalla.

Ƙanwata ce ta samu gurbin karatu, sashen da aka ba ta kuma ba a yinsa sai da kwamfuta. Mahaifiyarmu ta kwashi adashinta, na cika da nawa, muka haɗa naira 290,000. Wani abokin aikina ya turo min hoton tallar wani saurayi a WhatsApp: HP EliteBook, Core i7 ƙarni na 8, RAM 16GB, batir awa biyar, wai kai tsaye daga Ingila aka shigo da ita. Farashin ya yi ƙasa da na sauran wurare da na tambaya, amma ba ƙasan da zai sa mutum ya tsorata ba. A nan suke da wayo. Ba sa karya farashi har ka yi zargi, ragi kaɗan suke yi wanda zai sa ka ji ka yi dace.

Na ce ba zan yi cinikin biri a sama ba, sai na gani da idona. Ya ce babu damuwa, in same shi a shago. Muka je ni da ƙanwata. Muka tarar da shi zaune a cikin wani shago mai kanta cike da kwamfutoci, yana hira da yaran wurin, har ɗaya ya tashi ya ba mu benci. Duk wanda ya shigo zai ɗauka shagonsa ne ko na ubangidansa. Ya ciro kwamfutar tana ƙyalli, da sitikar i7 a gefen madannai. Ya kunna, ya buɗe shafin bayanan na'urar, ga i7-8650U a rubuce, ga RAM 16GB, ga Windows 11. Ya cire caja, muka yi kusan minti ashirin muna kallon bidiyo, batir bai sauka da wani abin kirki ba. Na tura kuɗi zuwa asusun da ya ba ni.

Sai ya ce, “Yaya, ga shi an kira la'asar. Ku je ku yi salla, kafin ku dawo na saka wa ƙanwata Office da abin kashe ƙwayar cuta, na goge ta na sa a jaka.” Muka yi godiya muka tafi masallaci. Wannan rabin awar ita ce ta ci mu. Daga baya mai gyara ya nuna min cewa ƙasan irin wannan kwamfutar ƴan kusoshi ne, wanda ya saba cikin minti biyar zai buɗe ya cire sandar RAM ɗaya ya sauya batir ya mayar. Da muka dawo mun same ta a jaka, da rasit a sama. An rubuta “HP laptop” da kuɗin da garantin kwana bakwai. Babu lambar siriyal, babu samfurin kwamfutar, babu hatimin shago.

A daren farko ƙanwata ta kira ni ta ce, “Yaya, batirin ko minti arba'in ba ya yi.” Da safe na kira shi. Ya amsa da fara'a, ya ce ai batirin ya daɗe a ajiye ne, a cika shi a bar shi ya mutu, a yi haka sau uku zai dawo daidai. Da yanayin wutarmu, kafin a yi caji uku cikakku kwana huɗu sun wuce. Na sake kira, ya ce ya tafi Legas ɗauko kaya, in bari ya dawo. Ranar da ya ce ya dawo, kwana tara ke nan da ciniki. Abin da ya ce min shi ne, “Yaya, ai garanti ya wuce.” Bayan kwana biyu layinsa ya daina shiga.

Na kai kwamfutar wurin wani mai gyara da na daɗe da sani. Bai ma jira Windows ta buɗe ba, yana kunna ta ya danna Esc, sannan F1, sai ga bayanin da ke cikin uwar na'urar ya fito. EliteBook 840 G3 ce, firosesonta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i5-6300U, RAM 8GB. Wato ƙarni na 6, ba na 8 ba. Sitikar i7 kuwa ya ce a daure ake sayar da irinta, kowa zai iya liƙawa. Sunan da muka gani a allo ranar ciniki, akwai wuri a cikin Windows da ake shiga a sauya shi da hannu, sai a ɗora wani ɗan umarni da zai riƙa mayar da sunan ƙaryar duk lokacin da aka kunna. Da ya sake ɗora Windows sabuwa, i7 ta ɓace.

Na koma shagon raina a ɓace. Mai shagon, dattijo ne, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, wannan yaron ba yarona ba ne. Dillali ne, yakan zo ya zauna, wani lokaci ya karɓi kaya a wurinmu ya kai wa mai saye. Wannan kwamfutar ba daga kantata ta fito ba, rasit ɗin nan ma ba nawa ba ne.” Na duba, gaskiya ne, sunan da ke kan rasit daban, na kan allon shago daban, asusun da na tura kuɗi kuma sunan mutum ne, ba na shago ba. Ban wanke mai shagon gaba ɗaya ba, har yanzu ina ganin wanda ya bar baƙo yana ciniki a kan kantarsa yana da kaso a alhakin abin da ya biyo baya. Amma a takarda ba ni da abin riƙe shi.

Bari in tsaya a kan maganar ƙarni, domin ko ba a sauya suna ba, a nan ake yi wa mutane da yawa rufa-rufa. Yawancinmu abin da muka sani shi ne i7 ta fi i5, i5 ta fi i3. Mai sayarwa sai ya tsaya a nan, ya ce maka “i7 ce” ya yi shiru. To sunan i7 tun 2008 Intel ke amfani da shi. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye: a 6300U, lambar farko 6 ita ce ƙarni, a 8250U ƙarni na 8 ne, idan lambobin biyar ne kamar 10210U to biyun farko za ka karanta, ƙarni na 10. Firoseso i7-6600U na 2015 kor biyu gare shi, wato sassa biyu masu sarrafa aiki a cikinsa, shi kuwa i5-8250U na 2017 kor huɗu ne, ya fi shi aiki nesa ba kusa ba. Mutum zai ƙara kuɗi ya ɗauki tsohuwar i7 ya bar sabuwar i5, yana murna.

Kuma bambancin ƙarni na 6 da na 8 yanzu ya wuce maganar sauri. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida daga ƙarni na 8 take karɓar yawancin firosesan Intel. Wannan ya sa kamfanoni da ofisoshi a ƙasashen waje suke sauke tsofaffin kwamfutocinsu, ire-irensu kuma su ne ke zuwa kasuwanninmu. Ana iya tilasta Windows 11 ta hau kan tsohuwar kwamfuta ta bayan gida, don haka ganinta a allo ba ya nuna shekarun na'ura. Ba ina cewa ƙarni na 6 ba ta da amfani ba. Tana buga takardu, tana shiga intanet, ɗalibai da yawa da ita suke karatu. A sayar da ita da sunanta da farashinta, shi ke nan.

Mai gyaran ya koya min gwajin batir, kuma ba ya cin minti biyu. Ka buɗe wurin rubuta umarni na Windows, wato Command Prompt, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da kuma ƙarfin da ya rage masa yanzu. Namu da aka gwada bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Akwai kuma ƙananan manhajoji na kyauta da za ka sa a filash ka tafi da su: CPU-Z tana karanto ainihin firoseso daga jikinsa, CrystalDiskInfo tana nuna lafiyar ma'ajiyar bayanai da adadin awannin da ta yi tana aiki. A kwamfutocin Dell ana shiga bayanan uwar na'ura da F2, a ThinkPad ta Lenovo da F1. Idan ka shiga ta nemi lambar sirri, mai sayarwa kuma ya ce bai sani ba, ka ajiye ta. Haka idan tana neman a shiga da asusun wani kamfani ko makaranta, ko MacBook ce mai maƙale da iCloud ɗin wani, wato asusunsa na Apple. Irin waɗannan ko dai ba a sake su daga hannun mai su ba, ko kuma na sata ne, kana iya wayar gari ƴan sanda na neman ka.

Ka tabbatar lambar siriyal da ke ƙasan kwamfutar ta dace da wadda ke cikin uwar na'urar. HP da Dell da Lenovo duk suna da shafi da za ka sa lambar ya faɗa maka samfurin da lokacin da garantin kamfani ya fara. Da wayarka za ka yi wannan kana tsaye a gaban kanta. Tamu an kankare takardar ƙasan, ni kuma ban juya ta na duba ba.

Tunda ana maganar, a kula da filash da SSD, wato ma'ajiyar bayanai ta kwamfuta, masu araha da ake rubuta musu 1TB ko 2TB. Akwai na jabu da ake saita su su nuna girman ƙarya, alhali cikinsu ƙarami ne. Za ka yi ta zuba fayil tana karɓa, sai ranar da ka buɗe ka tarar na farko sun lalace. Manhajar H2testw tana tona wannan. Amma kada a yi wa mai gaskiya ƙazafi: SSD mai 256GB ta nuna kusan 238GB a Windows, ko 1TB ta nuna 931GB, wannan bambancin lissafi ne kawai. Caja ma a ɗaga ta a ji nauyinta, ta jabu ba ta da nauyi, tana zafi da wuri, kuma tana iya kashe batir.

Abin da ya fi ci min rai ba kuɗin ba ne. Yaron nan da salla ya raba mu da kwamfutar, yana kiran ƙanwata ƙanwarsa, ya rantse da Allah sau biyu ba tare da na nemi ya rantse ba. Duk wanda ya yi karatun hadisi ya san labarin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da mu. A fikihu ma mai saye yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Mahaifiyarmu wata goma ta yi tana zubin adashin nan.

Ta fuskar doka, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, kuma tana karɓar koke ta intanet. Rubuta “ba a mayar da kuɗi bayan biya” a ƙasan rasit ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi ko wanda ya saɓa da abin da aka faɗa masa. A Kano ma jiha tana da tata hukumar kare masu saye. Sai dai ko'ina ka je abin da za a fara tambayarka shi ne shaida, kuma rasit marar lambar siriyal ba ya nuna cewa kwamfutar da ke hannunka ita ce aka sayar maka. Abin da ya ɗan taimake mu shi ne hoton tallar da abokina ya turo, da saƙonnin murya da yaron ya riƙa aiko min, da shaidar tura kuɗi mai ɗauke da sunansa na banki.

Don haka idan za ku saya, ku fara tambayar wane ne mai shago, ku ji daga bakinsa cewa kayan nasa ne. Ku biya a asusun shago. A rubuta samfuri da firoseso da RAM da lambar siriyal a rasit mai hatimi, a rubuta kwanakin garanti da abin da ya ƙunsa, har da batir. Ku tafi da wanda ya san kwamfuta ko da za ku ba shi kuɗin mota da na shayi. Bayan gwaji kada ta bar gabanku ko na minti ɗaya. In za a saka manhaja a saka kuna kallo, in lokacin salla ne ku ɗauke ta ku tafi da ita. Idan matsala ta fito, ku mayar a ranar, kada ku yarda da “ku gwada sau uku”. Akwai masu gaskiya da yawa a wannan sana'a, waɗanda da kansu za su ce maka batirin nan ya yi rauni, in rage maka ko in sauya, kuma ba sa ɓata rai don ka ce za ka gwada.

Yanzu shugaban ƴan kasuwar layin ya karɓi kwafin takardunmu, ya ce an gano unguwar da yaron yake, kuma mutum biyu sun riga mu kai ƙararsa a kan irin wannan sitika da irin wannan rasit. An sa mana ranar Asabar mu koma. Kafin nan na sayi batir na sa wa kwamfutar, domin ƙanwata ta fara lacca ranar Litinin.