Tagwayen 8 da tagwayen 10 a blakjak: me ya sa ake raba ɗaya a bar ɗaya?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce: a blakjak, wasan kartar da ake neman kusantar 21 ba tare da an wuce ta ba, tunda raba tagwayen karta na ba mutum hannu biyu, me ya sa ake cewa a raba 8 da 8, amma kada a taɓa 10 da 10? Kuma ta yaya ake auna ribar?

Ma'aunin ɗaya ne. A ɗauka ka zuba 100, an maimaita wannan hannun sau dubbai. Nawa kake ci ko kake rasawa a tsaka-tsaki idan ka tsaya, nawa idan ka raba? Wanda lambarsa ta fi, shi ne zaɓi. Sai dai rabawa na nufin ƙara wani 100, don haka sai an haɗa sakamakon hannayen biyu kafin a kwatanta. A nan mutane da yawa ke yin kuskure.

Ɗauki 8 da 8, dila (mai buga wa gidan caca) kuma ya buɗe 10. Jimillarka 16, hannun da ya fi kowanne muni. Ka tsaya, dila ya wuce ka. Ka ja, ka fashe, wato ka wuce 21, domin karta 16 cikin 52 darajarsu 10 ce, ga kuma 6, 7, 8 da 9 duk suna ƙona ka. Ko wanne ka yi, asararka kusan 54 ce cikin 100. Da ka raba, kowane hannu zai fara daga 8, yana asarar kusan 25. Haɗa biyun, kusan 50 ke nan, yakan sauko wajen 48 idan an yarda a sake rabawa. Lura da kyau, har yanzu asara ce. Rabawar ba ta mai da kai mai nasara ba, rage zafin faɗuwar kawai ta yi. Wannan nake so ka riƙe, domin na ga masu zaton doka ta ce a raba saboda akwai riba a ciki.

Yanzu ga 10 da 10, dila ya buɗe 6. A wannan hali dila na fashewa kusan sau 42 cikin 100, shi ya sa kwaɗayin ninka kuɗi ke taso wa mutum. Amma 20 na hannunka, kuma tsayawa a kanta na kawo ribar kusan 70. Idan ka raba, kowane hannu ribarsa kusan 29, biyun ba su kai 60 ba. Ka saki reshe ka kama ganye, ga kuɗin da ka sa cikin haɗari ya ninku.

Tagwayen 5 ma haka: jimillarsu 10 ce mai kyau, ninka kuɗi a kanta (ka ƙara wani 100, ka ja karta ɗaya tak) ya fi rabawa. Tagwayen A (kartar da ake ƙirga ta 1 ko 11) kuwa rabawa ake yi kullum, ko da yake yawancin gidaje karta ɗaya tak suke ƙara wa kowace, kuma 21 ɗin da ta fito ba a biyanta 3 bisa 2, wato 150 a kan 100.

Irin wannan lissafi ba sabo ba ne. A 1956 wasu sojojin Amurka huɗu, cikinsu har da Roger Baldwin, suka wallafa shi bayan sun yi aikin da injin lissafi na tebur, Edward Thorp kuma ya faɗaɗa shi da kwamfuta a littafinsa na 1962. Ko wanda ya bi shi sau da ƙafa, gidan caca na gaba da shi da kusan rabin kashi ɗaya cikin 100.

Dokar tebur ma na juya amsar. Inda aka yarda a ninka kuɗi bayan rabawa, tagwayen 4 a gaban 5 ko 6 na dila sun cancanci rabawa. Inda aka hana, jan karta kawai za ka yi.