Motar sharar layinmu a Agege: yadda take aiki, da wanda ke da iko da ita

Matan da muke sana'ar abinci tare a wajen Agege sun dame ni da tambaya ɗaya: su yi rajista da kamfanin kwasar shara, ko su ci gaba da lallaɓawa da 'yan baro? To ga abin da na gani a kamfanin da ke yi mana aiki. Sunansa ba zai amfane ki da komai ba, domin a Legas ba ke kike zaɓar mai kwashe miki shara ba. Hukumar kula da shara ta jiha, wato LAWMA, ce ke yanka unguwanni ta ba kowane kamfani yankinsa, wanda layinki ya faɗo a hannunsa shi ne naki. Su ne ake ce wa 'yan PSP, wato kamfanoni masu zaman kansu da jiha ta ba aikin kwasar shara.

Ni gidan abinci gare ni, tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, waina da safe. Sharar irin wannan wuri ba ta jira. Ƙashi, ɓawon albasa, ragowar miya, tokar gawayi, ledojin fiya wata, in suka kwana biyu a zafin Ikko ƙuda kaɗai ya isa ya kori mai cin abinci. Saboda haka mizanina ɗaya ne, shin motar na zuwa ranar da aka ce za ta zo?

A rani tana ƙoƙari, wannan ba zan ɓoye ba. Babbar mota ce mai matse shara, ta tsaya a bakin titi ta danna ƙaho, yaran su juye duro su mayar min da shi inda suka ɗauka. Ba ciniki, ba "Hajiya yau kayan sun yi nauyi, sai kin ƙara". Direban, wani dattijon Bayarabe mai fara'a, in ya hango ni sai ya ɗaga hannu ya ce "Alhaja!", ni kuma in ce "Baba, sannu da aiki", wani lokacin in sa a miƙa musu waina. Bil ɗin wata yana zuwa a rubuce, ana biya ta banki, rasit yana hannunki. Wannan rasit ɗin ki riƙe shi da kyau, shi ne shaidarki ranar da jami'an duba tsabta suka shigo layi suna tambayar ina kike kai sharar ki. Kuɗin sharar shago dai ya fi na gidan zama nesa ba kusa ba, ki sa wannan a lissafinki tun kafin ki sa hannu.

Da damina labari yake canjawa. Sai mako ya wuce ba mota, duro ya cika ya tumbatsa, ruwan sama ya ja ledoji zuwa kwata. In na kira ofishinsu amsar ba ta wuce biyu: ko mota ta lalace, ko tana layi a juji. Na yarda da ta biyun, duk wanda ya bi ta Ojota ya ga jerin motoci a ƙofar jujin Olusosun ya san ba ƙarya ba ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bil ya zo cif a ƙarshen wata, kamar kowane mako an zo. Sannan motar ba ta shiga lungu. Maƙwabtana na can ciki, masu ɗaki ɗaya ɗaya a gidajen haya, sai sun ɗauko shara a ka zuwa bakin titi, in ƙahon ya same su suna kasuwa shi ke nan sai wani zuwan.

Wata damina da abin ya ishe ni na je wurin kansilanmu, yaro ne da na san mahaifiyarsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, wallahi motar nan ba a ƙarƙashinmu take ba. Ba mu muka ba su aiki ba, ba mu ke biyansu ba. Iyakacina in buga waya in roƙa, kamar yadda ke ma za ki yi."

Na ce, "To ɗana, ku mene ne naku?"

Ya yi dariya kawai.

Amsar da bai ba ni ba, ɗan ƙanwata mai karatun lauya ne ya buɗe min ita a kundin tsarin mulki na 1999. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kwasar shara na ciki ƙarara, tare da kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabarta, bayan gidan jama'a, allunan talla, harajin gidaje, har da ba wa masu baro da amalanke lasisi. Amma kundin ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon yin dokar da za ta tsara yadda ƙananan hukumomi za su kasance da yadda kuɗinsu zai gudana. Ta wannan ƙofa aka bi. Shara ta koma hannun LAWMA, hukumar da tushenta ya faro tun 1977. Harajin gidaje aka haɗe shi da wasu cikin harajin amfani da fili na jiha a 2001, jiha ke karɓa. Allon da ke saman ƙofar shagona ma hukumar jiha ce, LASAA, ke kula da irinsa tun 2006. Abin da ma'aikatan ƙaramar hukuma ke zuwa karɓa a wurina shi ne kuɗin izinin shago da lasisin rediyo da talabijin.

Kada a ce na yi son kai, akwai hujja a wannan tsari. Hukuma na cewa Legas na fitar da shara kusan tan 13,000 a kullum. Ba ciyaman ɗin ƙaramar hukuma da zai iya gina juji shi kaɗai a garin da ƙafa ɗaya ta fili ta fi zinari tsada, kuma bola ba ta san iyakar Agege da Ifako-Ijaiye ba. Wanda ya zauna a garin nan tun da, ya san motocin PSP sun rage ƙazanta sosai.

Sai dai in iko ya taru a wuri ɗaya, kuskure ɗaya kowa yake shafa. Mun gani a zamanin Gwamna Akinwunmi Ambode. A 2017 aka sa hannu a sabuwar dokar muhalli, aka kawo shirin tsabtace Legas, aka ba wani babban kamfani aikin kwasar sharar gidaje, 'yan PSP suka koma gefe suna shari'a. Shara ta taru a tsakiyar manyan tituna, ga kuma gobarar da ta tashi a Olusosun a watan Maris na 2018. Ba a tambayi ra'ayin layinmu ba kafin a yi, kuma ba wani kansila da yake da ikon cewa a yankina a bar tsohon tsari. Sai kafin ƙarshen wannan shekarar majalisar jiha ta ce 'yan PSP su koma bakin aiki. Doka ɗaya aka yi a Alausa, mazaunin gwamnatin jiha, wari ya kai har ƙofar kicin ɗina.

A farkon 2018 ɗin ne kuma jiha ta haramta wa masu tura baro da amalanke kwasar shara. Nan ne abin ya fi taɓa mu, domin galibin yaran nan namu ne, 'yan ci-rani daga Arewa. Dalilin gwamnati shi ne wasunsu na juye kaya a kwata da gefen titin jirgi cikin dare, kuma gaskiya ne, da idona na gani. Amma su ne kaɗai ke shiga lungun da mota ba ta shiga. Da a ce ƙaramar hukuma na amfani da ikonta na lasisi, ta yi musu rajista, ta ba su lamba, ta ware wurin da za su tara motar ta ɗauka, da lungu ya tsabtace yaran kuma sun ci halaliyarsu. Yanzu ana kama su, ana ƙwace baro, washegari wani ya sake fitowa, tunda buƙatar na nan.

Batun kuɗi kuwa ya fi na doka ɗaure kai. Daga asusun tarayya ƙananan hukumomi 774 na da kashi 20.60 cikin ɗari, jihohi 26.72, tarayya 52.68. Legas 20 kacal gare ta a kundin, alhali Kano na da 44 (ni Bakanuwa ce, ba ƙorafi nake ba). A 2003 Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro wasu 37, Shugaba Obasanjo ya riƙe kason ƙananan hukumomin jihar, Kotun Ƙoli ta ce a ƙarshen 2004 ba shi da wannan iko, amma ta ce sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su cikin kundin. Sai zamanin 'Yar'aduwa aka gama sakin kuɗin. Sababbin suka zama yankunan raya ƙasa, irin su Orile-Agege da aka cire daga Agege. Wato tukunyar da aka dafa wa mutum 20 ce ake raba wa 57, kowanne da ciyaman da kansiloli da sakatariya. Ga albashin malaman firamare da ke fita daga wannan kason. Shekara da shekaru kuma kuɗin na biyowa ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke riƙe da shi, har ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon ɗora kantoma a madadin zaɓaɓɓu. An yi ta murna a rediyo. A duron sharata dai ban ga bambanci ba, kuma ban yi mamaki ba: hukuncin kan kuɗi ne, bai mayar da motar shara hannun ciyaman ba.

Saboda haka 'yan'uwa, ga shawarata. In shagonki na bakin titi, ki yi rajista, domin ranar kame rasit ne zai cece ki, kuma a rani aikinsu ya fi na baro tsabta da kwanciyar hankali. Ki sayi duro mai murfi fiye da ɗaya saboda damina. Ki karɓi lambar direba, ta fi ta ofis amfani. Duk makon da ba su zo ba ki rubuta a littafin bashinki, ki ɗauki hoton duron, ki tafi da shi kafin ki biya. Da wuya su rage, amma na taɓa ganin sun rage wa mai shayin kusa da ni. Ragowar abinci kuma ki ware daban, masu kiwo na karɓa da murna, duronki zai daɗe bai cika ba. In kuwa can cikin lungu kike, ku haɗa kai da maƙwabta ku ajiye babban duro ɗaya a bakin titi, ku raba bil ɗin. Ƙorafi kuma ki kai shi ofishin kamfanin, in ba su ji ba ki kira LAWMA. Kansila ki bar shi da batun kwata da fitilar layi.