Sojojin roba na Tamiya da ƙaramin fagen yaƙin Bama da na gina da su

Akwatin da nake magana a kansa shi ne na sojojin ƙasa na Runduna ta Takwas ta Birtaniya, wanda kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a Japan yake yi a ma'aunin 1/35. Abin da ma'aunin yake nufi shi ne an rage komai sau talatin da biyar, ta yadda sojan da tsayinsa ya kai santimita 175 zai dawo santimita biyar, wato bai kai tsawon ɗan yatsa ba. A cikin akwatin akwai sojoji takwas, kowanne a rarrabe, gangar jiki daban, hannuwa daban, sai makamai da jakunkuna a maƙale jikin ƙarangiyar roba, mai saye ne zai yanko su ya haɗa, ya kuma yi musu fenti da kansa.

An tsara waɗannan sojoji ne domin yaƙin hamadar Arewacin Afirka na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda rundunar ta gwabza da Jamusawa da Italiyawa a El Alamein a 1942, shi ya sa suke sanye da gajeren wando da doguwar safa da hular kwano. Ni kuwa abin da na sa a gaba daban ne, domin na so in gina fagen da zai nuna sojojin Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, a farkon 1944, lokacin da Runduna ta 81 ta ratsa dajin ana jefo mata abinci da harsashi daga jirgin sama. Duk wanda ya san barikin Dalet a Kaduna ko na Chindit a Zariya ya san sunayen da wancan yaƙi ya bar mana, ko da bai taɓa tambayar asalinsu ba. Tambayata ga akwatin ita ce ko zai yarda a ɗauke shi daga rairayi a kai shi cikin gora da taɓo.

Ta fuskar makamai ya yarda nan take, kuma a nan ne kuɗin mai saye yake fita. Bindigar Lee-Enfield da bindiga mai sarrafa kanta ta Bren su ne dai waɗanda sojojinmu suka riƙe a Bama, an kuma fitar da su da tsabta, har gidan harsashin Bren mai lanƙwasa da ke bisa bindigar ana gane shi daga nesa. Robar tana da laushin da reza ke shiga ba tare da ta tsage ba, gaɓoɓin kuma suna zama a mazauninsu ba sai an yi kokawa da su ba. Na yi amfani da gam ɗin kamfanin mai suna Extra Thin Cement, wanda yake da ruwa-ruwa, yana bin tsagar da ke tsakanin gaɓa biyu ya ɗan narkar da robar har su zama abu guda. Akwai siririn layin da zubi yake bari a gefen hannu da ƙafa, kamar yadda yake a kowane kayan roba irin wannan, kuma kankare shi da bayan reza ya ci mini yamma guda.

Sauran aikin kuwa nawa ne. Hotunan da suka rage na wancan zamani sun fi nuna sojojin da dogon wando da malafa mai faɗin baki, saboda haka na kwaɓa ƙullun cike giɓi mai haɗi biyu na naɗe ƙafafun da shi, na zana ninkin tufafi da bakin allura tun kafin ya daskare. Malafar ita ce ta fi ba ni wuya, sai da na yanka bakinta daga ledar ƙarfe ta bakin gwangwanin madarar gari, na ɗora mata ƙoƙon kai na ƙullu, kuma sai a ta huɗu na samu wadda ba ta yi kama da faifai ba. Hafsan da ke cikin akwatin na bar fuskarsa yadda take, tun da akasarin hafsoshin rundunar Turawa ne. Mutum biyu kuma na cire musu bindiga, na ɗaga hannuwansu sama, na sa musu gammo na zare da akwatin harsashi a ka, domin rundunar ta dogara ne da 'yan dako masu kaki waɗanda suka ɗauki kaya a inda mota ba ta shiga. Ba don komai ba ne Runduna ta 82, ita ma ta sojojin Afirka ta Yamma, ta sa gammo da mashi biyu a gicciye a matsayin tambarinta, ita kuwa ta 81 baƙin gizo ne a kan ruwan ɗorawa, wanda na ɗiga a kafaɗar kowane soja da tsinken sakace.

Fentin da na zaɓa mai narkewa a ruwa ne, kuma wanda zai yi wannan aiki a cikin hunturu ya sani cewa yana bushewa a bakin buroshi kafin a kai shi jikin soja, ƙura kuma tana manne wa duk abin da aka bari a buɗe. Na koyi haka ne bayan da fuskoki uku suka fito da gautsi kamar an barbaɗa musu gari, daga nan na riƙa kife roba a kansu. Launin fata yana son shafi uku ko huɗu marasa kauri, a fara da ruwan ƙasa mai duhu, sannan a haskaka goshi da karan hanci da kunci kaɗan.

Dandamalin bai ci kuɗi ba: guntun katako daga wurin kafinta, farin soson da ake kare talabijin da shi a kwali domin tudu, tankaɗaɗɗiyar ƙasa da aka dama da farin gam, da tsinken tsintsiyar kwakwa a madadin gora. Mai son fagen hamada zai iya haɗa akwatin yadda ya zo cikin mako guda, har ma ya dace da wanda bai taɓa riƙe irin wannan aiki ba. Mai son Kaladan kuwa ya tanadi ƙullu da reza mai kaifi, ya kuma ware wata guda, domin abin da nawa ya ci ke nan.