Injin wanke kwanson harsashi da ruwa: abin da na gani bayan wata takwas

Shekaru na yi ina tsaftace kwansunan da na harba, don in sake ɗura musu albarushi da kan harsashi, da injin nan mai karkarwa, wanda ake zuba wa dakakkiyar totuwar masara. Yana aiki, ba zan yi masa sharri ba. Abin da ya raba ni da shi ƙura ce. Ƙyastun da ke gindin harsashi, wanda allurar bindiga ke daka ya kunna albarushi, yawancinsa akwai sinadarin dalma a ciki, kuma duk lokacin da na juye totuwar a rariya sai wata baƙar ƙura ta tashi ta shige mini hanci. Shi ya sa na sayi mai ganga.

Ganga ce ta roba mai cin lita bakwai, tana kwance a kan tayoyi tana juyawa. Ana zuba kwansuna, da ƙananan tsinkayen ƙarfe marar tsatsa wajen kilo biyu, da ruwa, da ɗan sabulun wanke-wanke, da ɗan garin tsamin sitirik. Nakan cire tsohon ƙyastu tukuna don ruwa ya ratsa ramin. Bayan awa biyu ruwan da na zubar baƙi ƙirin ne, kwansunan kuwa ciki da waje kamar yau aka ƙera su. Ramin ƙyastu, wanda da sai na bi ɗaya bayan ɗaya ina ƙwaƙule shi, ya fita tas.

Ƙyallin ba ya ƙara wa harbi saiti, ban ga wani bambanci a jikin takardar bara ba. Amfaninsa yana wajen dubawa. A wankin farko na tsinci kwanso huɗu masu tsagewa a wuya, da ɗaya mai siririn zobe mai haske kusa da gindi, alamar tagullar ta miƙe ta yi sirara a wurin, saura kaɗan ta rabe biyu a cikin bindiga. Datti ne ya ɓoye mini su a baya.

Garin tsamin nan shi ya fara ba ni kunya, kuma laifina ne. Na ce tunda kaɗan ya yi kyau, bari in ƙara, sannan na bar su a jiƙe har gari ya waye. Da safe na tarar da su sun yi ja-ja-ja. Tagullar kwanso haɗi ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, tsami kuwa idan ya yi yawa tutiyar saman yake cinyewa ya bar jan ƙarfen. Yanzu ba na wuce kan ƙaramin cokali, kuma da injin ya tsaya nake ɗaurayewa. Man goge ƙarfe mai amoniya kuwa ko kusa da gangar ba ya zuwa. Sojojin Ingila a Indiya sun sha wannan darasi: suna ajiye harsasai a bargar dawaki da damina, kwansunan suna tsagewa su kaɗai, sai a 1921 aka tabbatar amoniyar fitsarin dawakin ce.

Tsinkayen su ne fitina. Suna laɓewa a cikin kwanso mai matsattsen wuya irin na harsashi samfurin .223, wani lokaci biyu su cushe a ƙaramar hudar da wuta ke bi. Tsinke ɗaya ya rage aka ɗura albarushi a kansa, bututun bindiga ne zai biya. Nakan karkaɗe su a cikin bokitin ruwa, in bi da maganaɗisu, sannan in ɗaga kowane kwanso ga haske. Kwanan baya ma na taka wani a ƙasa ba takalmi, ban ji daɗi ba.

Sai shanya. Da totuwa, ana gamawa ake ɗuri. Nan kuwa ɗigon ruwa a ramin ƙyastu ya isa ya kashe harsashi, don haka nakan baza su a tawul su kwana biyu, ko in sa su a na'urar busarwa mai sanyin zafi, ƙasa da digiri 100. Zafi mai yawa yana tausasa gindin kwanso, wurin da ake so ya zauna da taurinsa.

Murfin gangar ya fara yoyo a wata na uku, sai da na shafa wa robar mai kafin ya daina. Ƙararta ma ba ta barin hira. Akwai kuma abin da ban yi tsammani ba: wuyan kwanso ya yi tsabta har kan harsashi yana turjewa wajen zama, domin ɗan baƙin hayaƙin da ke saura a da shi ke sa santsi. Yanzu ina tsoma wuyan a garin girafayit, abin da ake yin bakin fensir da shi, kafin ɗuri.

Mai ɗura guda hamsin a wata, tsumma da ɗan buroshi sun ishe shi. Ni da nake tara ɗaruruwa daga filin atisaye, cike da yashi da laka, gangar ta zauna. Tsohon injin na ajiye shi don goge man da ake shafa wa kwanso kafin a matse shi ya koma girmansa kawai, minti ashirin, kuma a waje nake juye shi.