Sharhi kan kwas ɗin kalmomin diflomasiyya: darasin yanke hulɗa

Wata cibiyar horar da matasan 'yan jarida tana gudanar da gajeren kwas ta intanet kan kalmomin hulɗar ƙasa da ƙasa, kuma a ganina darasin da ya yi bayanin yanke hulɗar diflomasiyya shi kaɗai ya isa ya biya kuɗin rajista.

Malamin ya nuna cewa rikici tsakanin ƙasashe hawa-hawa ne, domin kiran jakada gida don tuntuɓa daban, korar jakadan wata ƙasa daban, yanke hulɗa kuwa shi ne matakin ƙarshe. Ya ɗora Yarjejeniyar Biyana (Vienna) ta 1961, wadda ta tsara hulɗar diflomasiyya tsakanin ƙasashe, a kan allo, ya ja layi ƙarƙashin sashe na 9, wanda ya bai wa ƙasa ikon cewa ba ta maraba da wani jami'in diflomasiyya ba tare da ta faɗi dalili ba. Daga nan ya wuce sashe na 45, inda aka wajabta wa ƙasa kare ginin ofishin jakadanci da takardunsa ko da an yanke hulɗa, aka kuma halatta damƙa muradun ƙasar da ta janye a hannun ƙasa ta uku. Misalinsa shi ne Suwizalan, wadda ta ɗauki nauyin kula da muradun Amurka a Iran tun 1980. Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai ga mai rubuta labari, saboda kanun da ya ce an yanke hulɗa alhali jakada kawai aka kora yana tayar da hankalin ɗalibai da 'yan kasuwa mazauna ƙasar.

Inda kwas ɗin ya gaza shi ne wajen misalai daga Afirka. Bai ambaci yadda Najeriya ta yanke hulɗa da Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara ba, haka ma yanke hulɗarta da Isra'ila a 1973 wadda ba a maido ba sai 1992. Ko korar jakadan Faransa da Nijar ta yi a 2023, wadda har yanzu mutanenmu suke tunawa, ba ta samu shiga ba. Takardun karatun ma duk da Turanci suke, alhali yawancinmu da Hausa muke aiki, kuma sauti yakan yanke a tsakiyar bayani.

Duk da haka ina ba mai fassara labaran ƙetare shawarar ya shiga, amma ya nemo misalan yankinmu da kansa kafin ya zauna darasin.