Na ba da tsohuwar Camry, na yi ciko, na karɓi Corolla: yadda cinikin ya kasance a Kano

Musayar mota da ciko a wurin dillalan Kano abu ne da za a iya yi ba tare da an ƙwari mutum ba, matuƙar ya shiga filin da sanin kuɗin motarsa. Abin da na gani ke nan bayan na ba da motata Camry ta 2008, wadda 'yan kasuwa ke kira Masul, na cika kuɗi na karɓi Corolla 'yar Beljiyam, wato wadda aka hau a ƙasar waje aka shigo da ita, a wani filin sayar da motoci da ke kan titin Zariya. Na gamsu da kuɗin da aka yi wa motata. Ban gamsu da yadda suka riƙe maganar takardu ba, kuma har yanzu tana damuna.

Fetur ne ya raba ni da Camry. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ni da nake kai yara makaranta daga Rijiyar Zaki sannan in wuce wurin aiki a Bompai, kullum cikin cunkoso, injin 2.4 ya fi ƙarfin aljihuna. Ga shi kuma tana shan baƙin mai, ciwon da aka san injin wannan ƙirar da shi, wanda ake kira 2AZ. Kafin lokacin juye mai ya yi sai na ƙara mata. Corolla mai injin 1.8 ita ce abin da hankalina ya kwanta da shi, saboda babu bakaniken da bai san ta ba a garin nan, kayanta kuma ba sa wahalar samu a Ƙofar Ruwa.

Akwai abin da duk mai tsohuwar mota ya kamata ya sani kafin ya nufi fili. Faɗuwar naira ba motocin waje kaɗai ta ɗaga ba. Dalar da take kusan naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a 2024, kuma da farashin dala ake lissafin kuɗin kwastam. Da 'yar Beljiyam ta yi tsada, sai jama'a suka koma neman motocin da aka hau a gida, su ma suka tashi. Mutum zai iya jin an ambaci kuɗin da ya ninka abin da ya sayi motarsa shekarun baya, murna ta kama shi ya sallama nan take, alhali kuɗin bai kai abin da take yi a kasuwar yau ba. Abin da ka saye ta a da ba shi da wani amfani a lissafin.

Saboda haka kafin in je wurin kowane dillali sai da na sa aka taya ta a waje. Na wanke ta ciki da waje, na canza fitilar baya da ta tsage, na sa hotunanta a wani zauren WhatsApp na masu saye da sayar da motoci, na kuma duba abin da ake kiran irinta a Jiji, ina sane da cewa kuɗin da ake rubutawa a intanet na kira ne, ba a nan ciniki ke faɗawa ba. Tayi mafi tsoka da na samu daga mai son hawa shi ne miliyan 6 da dubu 500, shi ma da la'adar wanda ya kawo shi a ciki, kuma sai ya jira wasu kuɗi sun shigo masa. Fenti kuwa ban taɓa shi ba, bisa shawarar bakanikena. Ya ce da ni, "Malam, kada ka fesa mata komai. Ƙarce a jikin fenti na asali ya fi sabon fenti daraja, don da sun ga sabo za su ce haɗari ta yi." Gaskiyarsa ce. Abin da aka fara dubawa ke nan a duk inda na kai ta.

Filin farko da na shiga, wani ne daban ba wanda na yi ciniki da shi ba, ya ba ni mamaki. Ko bonet ba a buɗe ba maigidan ya ce ya saye ta miliyan 6 da dubu 800. Ya fi duk tayin da na samu a waje. Sai da aka zo kan Corolla ya ce miliyan 16 da rabi, ba ragi tunda musaya ce. Cikona ya kama miliyan 9 da dubu 700. A fili na biyu an yi wa Camry kuɗi miliyan 5 da dubu 900 kacal, raina ya ɗan sosu, amma irin Corollar nan suka ce miliyan 14 da dubu 900. Ciko miliyan 9 cif. Wanda ya fi rage wa motata daraja a baki shi ya fi sauƙi da naira dubu 700. Hannun dama ne yake ba ka, na hagu yana karɓewa, kuma ba sai an yi maka ƙarya ba. Kowa yana son a yabi abin hawansa, mutumin fili ya san haka. Abin da zai fita daga asusunka shi ne ciko, shi ya kamata a zuba wa ido.

Abin da ya ƙara taimaka min shi ne raba cinikin gida biyu. Na tura ƙanena fili na biyun shi kaɗai ya tambayi Corollar a matsayin mai kuɗi hannu, bai ambaci musaya ba. An tsaya masa a miliyan 14 da dubu 700. Da na koma na ce da maigidan, "Alhaji, mu gama maganar taka tukuna, sannan mu zo kan tawa." Ya yi murmushi ya ce ba damuwa, bai kuma yi musun farashin da aka ba ƙanena ba. Wannan ya ƙara masa ƙima a idona.

Duba motar da suka yi shi ne ɓangaren da na fi yabawa. Wani saurayi ne bakaniken filin, bai yi gaggawa ba. Ya bi bakin ƙofofi da ɗan yatsa yana neman inda fenti ya yi tudu, ya ɗaga robar bakin but ya leƙa ɗinkin ƙarfe, ya danna jikin fenda ya ƙwanƙwasa don jin ko an cike wata lotsawa a ƙarƙashin fentin. Ya zare sandar gwada mai ya shafa a yatsa ya sansana. Ya sa aka tayar da injin, ya koma baya ya tsuguna yana kallon bakin salansa yayin da yaronsa ke taka totur. Ya shiga ƙarƙashi da fitilar waya don ya tabbatar indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, yana nan, tunda ana yawan cire shi a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki. Sannan ya sa mata kwamfuta, muka zaga da ita har Naibawa muka dawo yana sauraron yadda giya ke canzawa da ƙarar ƙafafu a kan gargada. Duk abin da ya gani ya faɗa a gabana, ba a kunnen maigidansa ba: robobin bushin ƙafar gaba sun gaji, tayoyi biyu sun sude, sanyin esi ya yi rauni.

Maganar shan mai ni na faɗa musu da bakina tun kafin ya fara. Wasu abokai sun ce in zuba baƙin mai mai kauri in yi shiru. Ban ga yadda zan yi hakan ba, don addini ya hana ɓoye aibin haja, kuma motar nan hannun wani magidanci irina za ta faɗa. An rage min kuɗi a kan hakan, babu shakka. Amma ya ba ni bakin magana. Da aka fara lissafa abin da za a cire, na ce a sa wa kowane gyara kuɗinsa, na kira bakanikena a waya ya faɗi abin da kayan suke yi a Ƙofar Ruwa. Kuɗin da suka sa wa ƙafar gaba ya kusan ninka na gaskiya, suka sauko. Na fito da rasitan juyen mai da na batirin da na saya bai daɗe ba, da makulli na biyu, da takardar kwastam ta asali. Ita wannan takardar tana da nauyi a ciniki, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu daga Janairun 2017, domin babu mai son a tare shi a hanyar Kaduna ko Katsina a kan motar da ba a biya mata kuɗin fito ba.

Ita ma Corollar ban karɓe ta da ka ba. An ce min ta 2015 ce. Lambar shasi tana da harufa da lambobi 17, kuma a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka na goma shi ne yake nuna shekara: E na 2014, F na 2015. Na leƙa ta gilashin gaba na ƙirga, E na gani. Ƙirar jikin ɗaya ce, don haka ido ba zai bambance ba. Alhaji ya ce haka aka faɗa masa daga Legas, ban da hujjar ƙaryata shi, amma na tsaya a kan cewa ba zan biya kuɗin shekarar da ba ita ba ce. Na kuma biya aka ciro min tarihinta da lambar shasin, ya nuna an taɓa bugun ta a baya aka sayar a gwanjo, abin da ba baƙo ba ne ga motocin da ke zuwa daga Amurka. Bakanikena ya duba ya ce bugun bai taɓa shasi ba. Ya kuma ja kunnena cewa giyarta CVT ce, wani nau'in giya mai canza kanta, tana da nata man na daban, kada in bari a zuba mata na sauran motoci.

Nan ciniki ya ɗauki zafi. Na ce miliyan 14, ya ce albarka. Ya ce shi ma a rage masa a Camry tunda sai ya taɓa injin kafin ya sayar. Aka yi sallar la'asar aka dawo. Daga ƙarshe Corolla ta tsaya a miliyan 14 da dubu 500, Camry a miliyan 6 da dubu 100, na cika miliyan 8 da dubu 400 ta banki, aka yi musabaha.

In aka kwatanta da tayin waje, na bar kusan dubu 400 a wurinsu, in an cire la'ada ma bai kai ba. A ganina wannan ba zalunci ba ne. Mutumin zai gyara ta, ya sallami yaran fili, ya ajiye ta a rana har Allah ya kawo mai saye, kuɗinsa suna kwance. Ni kuma na huta da masu kira cikin dare su taya rabin kuɗi, da masu cewa a ba su su gwada su dawo da tanki ba mai. Ban kwana ko ɗaya babu mota ba. Kuma a lokacin da farashi ke iya motsawa cikin mako guda, wanda ya sayar ya riƙe naira yana neman mota yana iya wayar gari kuɗinsa ba su kai ba. Da ratar ta kai miliyan ɗaya, da na haƙura na sayar da kaina.

Inda suka gaza shi ne bayan an gama biya. Rasit ɗaya suka so ba ni, na ciko kaɗai, babu ambaton Camry a ciki. Sai da na dage aka rubuta yarjejeniya mai ɗauke da lambar shasin motocin biyu, da kuɗin kowace, da ranar da na miƙa makulli, shaidu suka sa hannu. Magatakardan nasu ya yi ta ƙorafin cewa ba haka suka saba ba, ai amana ce. Ban ƙi amana ba, amma motar da ke yawo da lambar da aka yi wa rajista da sunana, in aka yi haɗari da ita ko aka aikata wani laifi, ƙofata za a fara ƙwanƙwasawa. Na nemi in cire lambata suka roƙe ni in bari, wai mota mai lamba ta fi saurin shiga, suka yi alkawarin za su sa mai saye ya yi canjin mallaka a ofishin lasisi kafin ya fita da ita. An sayar da ita, na sani, don na daina ganin ta a filin. Kwafin takardar canjin mallakar da aka ce za a turo min bai zo ba. Na kira Alhaji ya ce in yi haƙuri, wanda ya saya ɗan Wudil ne, zai shigo gari. Na gaya masa in wata ya ƙare ban gan ta ba zan kai kwafin yarjejeniyarmu ofishin lasisi da na 'yan sanda in sanar da su cewa motar ta bar hannuna, ya ce ba za ta kai ga haka ba.